Ungozoman Taurari

Duk wanda bai san mataimakin shugaban makarantar nan ba, to bai san ilimi ba. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Tabarau biyu gare shi, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, don kada wani sani ya wuce ta sama bai gani ba.

Wata rana ya ci karo da hotunan da na'urar hangen nesa ta ɗauko daga sararin samaniya, na gajimaren ƙura da iskar gas inda sababbin taurari ke samuwa. Tun daga ranar ɗakin malamai bai sake hutawa ba. "Wuraren nan fa maƙwabtanmu ne," in ji shi. "Haskensu 'yan shekaru ɗaruruwa kawai yake yi a hanya." Yadda yake faɗa, ka rantse can yake zuwa cefane. Malamai suka raɗa masa Ungozoman Taurari. Ya ɗauka yabo ne, har ya fara amsawa.

Ana haka shugaban makaranta ya kusa ritaya, kuma babbar jami'ar ilimi ce za ta zaɓi magajinsa. Ungozoma ya daɗe yana auna kujerar nan da ido. Sai ya shirya lacca ranar ziyararta, ya ari majigi, aka ja labulen ɗakin taro.

Hoto ya bayyana a bango, jan gajimare da taurari birjik. Ya ɗaga sanda ya nuna wani ɗigo mai ƙyalli a gefe.

"Ranki ya daɗe, wannan jaririn tauraro ni na gano shi. Masu na'urar ma ba su lura da shi ba, na duba bayanansu kaf. Ba don ina gudun yabon kai ba, da sunana zai ci."

Jami'a ta gyaɗa kai. Daɗi ya kashe shi, har ya fara jin laushin kujera a bayansa. Da ya tsaya nan da ya ci riba, amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya danna hoto na gaba, wani gajimaren a wani ɓangaren sama daban. Jariri na nan inda yake. Ya danna na uku, jariri ko gezau.

"Kin gani ko, ranki ya daɗe," ya ce yana share gumi. "Tauraro ne mai yawan zumunci."

Jami'a ta tashi ta taka har bango, ta sa yatsa ta taɓa shi. Ashe kan ƙusa ne, wadda ƙaton hoton Ungozoma ke rataye a jikinta kafin a sauke shi da safe don a sami wurin haskawa.

Kujera ta tafi hannun malamar lissafi. Tauraron kuwa bai rasa aikin yi ba. Har yau yana nan a bango, yana ɗauke da wanda ya gano shi.