Ranar da Waya Ta Yi wa Haladu Kirari

Wani mutum ne a Malumfashi, ana ce masa Haladu Ci-Ƙarfe. In ka ji sunan sai ka ɗauka jama'a ne suka laƙaba masa. Ina! Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta bin mutane da shi har ya zauna. Ƙato ne, ƙirji kamar ƙyauren gareji, gemu baƙi wuluk, in ya yi gyaran murya a bakin kasuwa sai awaki su watse. Igiya da fatanya yake sayarwa, amma abin da ya fi fita a shagon nan kuri ne, shi kuma kyauta yake rabawa.

Wai shi ɗan tauri ne tun yana goye. Wai ya taɓa kama kura da hannu, ya murɗe mata kunne, ya ce ta je ta gaya wa danginta. Wai ɓarayi sun taɓa haurowa gidansa, da suka ji tarinsa sai suka share masa tsakar gida suka fita. Kullum da wuƙa a ƙugu. In hira ta yi daɗi sai ya zare ta, ya goga a wuya, ƙiiii, ya goga a ciki, ya mayar kube. Mutane su ce, "Kai, Haladu, sai kai!" Shi kuwa ya kumbura kamar alkubus.

Ana nan sai shugaban 'yan sintirin unguwarsu ya tsufa, ya ajiye sanda. Mai unguwa Ladan ya sa aka yi shela cewa ran Asabar bayan la'asar za a taru a ƙofar gidansa a zaɓi sabo. To, duk duniya ba abin da Haladu ke so kamar kujerar nan. Kaki, da jar hula, da usur a wuya, ana ƙame masa ana cewa "Oga". Tun kafin a yi zaɓe har ya kai wa tela ɗinkin kakin.

Su kuwa a unguwar nan ba a neman shugabanci da jawabi. Yawancin 'yan sintirin tsofaffin mafarauta ne da 'yan tauri, don haka mai nema fili yake fitowa, maroƙinsa ya zuba masa kirari, jama'a su ji ko shi wane ne, sannan a ɗaga hannu. Haladu yana da nasa maroƙin, wani tsoho mai suna Tunau, wanda ya daɗe yana binsa da 'yar gangarsa.

Ana cikin haka sai 'yarsa Ramlatu, mai aikin jinya a Kaduna, ta zo ganin gida. Ta kawo masa tsarabar sabuwar waya, irin mai ɗauke da wata murya a ciki, ka yi mata magana da Hausa ta amsa maka da Hausa. Ramlatu ta zauna tana saita masa.

"Baba, tana tambaya ko ka yarda ta riƙa ajiye duk abin da ka faɗa mata."

"Danna ee."

"Tana so ta ga lambobin mutanenka, ta kuma iya kira da kanta."

"Danna ee."

"Baba, ka tsaya ka ji mana. Wannan fa ba ta mantuwa. Ba komai ake gaya mata ba."

Haladu ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. "Ke yarinya, mai abin ɓoyewa shi ke tsoro. Ni Ci-Ƙarfe me zan ɓoye? Danna ee, ee, ee, har ƙasa!"

Ramlatu ta danna. Ta koma Kaduna.

Wai, zo ka ga ƙauna! Haladu ya sa wa muryar suna 'Yar Aike. A majalisa sai ya ɗaga waya sama yadda kowa zai gani.

"'Yar Aike, yau za a yi ruwa?"

"Akwai alamar hadari zuwa yamma, Maigida."

Sai ya dubi mutane ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce shi ya haɗa hadarin. "Kun ji ko? Maigida take ce min. Wannan ta fi mutum amana. Ba ta gulma, ba ta zuwa biki, ba ta da ƙawa."

Wannan na waje ke nan. Na ciki kuwa daban. In rana ta take, kasuwa ta yi sanyi, sai ya ja ƙyauren shago, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya kawo wayar dab da baki.

"'Yar Aike."

"Na'am, Maigida."

"Yaya ake dasashe wuƙa, amma ta ci gaba da ƙyalli kamar mai kaifi?"

Ta faɗa masa.

"To, wane rini ne ba ya zuba daga gemu in mutum ya yi gumi?"

Ta faɗa masa.

"In likita ya rubuta wa mutum allura, babu ƙwayar da za ta maye gurbinta? Ba ni ba ne fa. To... ni ne. Amma ya tsaya tsakaninmu."

"Na ajiye, Maigida."

Da ya ji "na ajiye" sai hankalinsa ya kwanta. Shi a zatonsa ajiya irin ta rijiya ce, ka jefa dutse shi ke nan. Daga nan fa baki ya buɗe. Abin da bai taɓa gaya wa aboki ba, abin da ko inuwarsa bai yarda ta sani ba, duk ya juye wa 'Yar Aike. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma Haladu ya mayar da nasa na tuwo zalla.

Ana jibi zaɓe sai ga Tunau maroƙi ya zo shago da gangarsa a rataye.

"Ranka ya daɗe, na zo mu ɗan gwada kirarin Asabar."

Haladu ya dube shi sama da ƙasa, ya taɓe baki. "Tunau, ka tsufa. Kirarinka guda ne tun ina saurayi, muryarka kuma ta zama ta tsohon zakara. Zamani ya wuce ka. Bana 'Yar Aike ce za ta yi min, da lasifika."

Tunau ya gyara igiyar ganga. "Waya ce za ta yi maka kirari?"

"Ta san ni ciki da waje. Ta fi ka sanina."

"Ai nan gizo ke saƙa, ranka ya daɗe. Ni ma na san ka ciki da waje. Amma maroƙi na waje yake faɗa, na ciki ya haɗiye. Ita wannan tana da maƙogwaron haɗiya kuwa?"

"Tafi can, hassada ce ke cin ka!"

Tunau ya yi murmushi ya kama hanya. Bai zame ko'ina ba sai wurin Sallau mai faci, wanda shi ne abokin takarar Haladu.

Asabar ta zo. Ƙofar gidan mai unguwa ta cika maƙil, ba masaka tsinke. Dattawa a kan tabarmi, matasa a kan katanga, mata na leƙe ta zaure. Sallau ne ya fara fitowa, ɗan siriri da shi, hannu duk baƙin mai. Tunau ya buga ganga ya yi masa kirari ɗan gajere: mai tashi in an kira, mai zuwa in an aika. Aka yi tafi kaɗan-kaɗan, ya koma ya zauna.

Sai ga Ci-Ƙarfe. Ya sha warki, ya jera layu tun daga damtse har wuya, gemu na sheƙi. Yana tafe ƙasa na amsawa, dim, dim, dim. Ya miƙa wayarsa ga mai lasifika, aka jona ta, aka ɗora a kan tebur can gefen mai unguwa. Shi kuma ya koma tsakiyar fili ya zare wuƙa.

"Jama'a, yau za ku ga zamani! 'Yar Aike!"

Murya ta fito ta lasifika, tar, har bakin titi. "Na'am, Maigida."

"Yi min kirari!"

"To, Maigida. In yi na kowa da kowa, ko in yi da abin da na sani game da kai?"

"Na kowa da kowa? Ni kowa ne? Yi da abin da kika sani! Duka! Kar ki rage ko ƙwaya!"

"An gama, Maigida."

Sai muryar ta ɗauka:

"Haladu na Tabawa, Ci-Ƙarfe!
Ƙato mai igiya da fatanya!"

Jama'a suka ɗauki sowa. Tabawa dai matarsa ce, kirari kuwa da sunan uwargida ai ya yi armashi. Haladu ya yi tsalle ya dire, ya ɗora wuƙa a wuya ya fara gogawa.

"Mai wuƙa dasasshiya, ƙyalli ba kaifi!
An goga ta a dutse har ba ta yanka tumatir!"

Hannun Haladu ya tsaya cak a wuya. Wani daga kan katanga ya ce, "Me ta ce?" Na kusa da shi ya ce, "Tumatir!"

"Baƙin gemu na cikin kwalba!
Fari fat da asuba, baƙi wuluk da hantsi!
Gwarzon da ya ga allura ya fita ta tagar asibiti,
Ya bar takalmi ya bar hula!"

Wayyo! Dariya ta fashe kamar an fasa tulu. Wani dattijo ya ƙware da goro, ana bubbuga masa baya. Haladu ya buɗe baki ya daka tsawa, amma ina, sowar mutane ta danne shi, ita kuwa lasifika ba ta san gajiya ba. Ya nufi tebur, matasa suka sha gabansa suna rawa, wai a bari a ji ƙarshe.

"Maganin ɓarayi, in sun zo da rana!
In sun zo da duhu, a tashi Tabawa!
Dodon kura, amma kwaɗo dodonsa!
Damina ta zo, Ci-Ƙarfe ya ƙaura kan turmi!
Kwaɗo a bakin randa, Maigida ya haƙura da alwala!"

Nan fa wuri ya rikice. Masu kwanciya a ƙasa na yi, masu riƙe ciki na yi. Cikin zaure wata ta rangaɗa guɗa. Tunau kuwa, don mugunta, sai ya gyara ganga ya shiga raka 'Yar Aike da kiɗa, kiɗi-kiɗim, kiɗi-kiɗim, yana gyaɗa kai yana cewa, "Wallahi yarinyar nan ta iya! Ko ni ban san na kwaɗon ba!"

Gumi ya karyo wa Haladu. Rinin da aka ce ba ya zuba ma ranar ya ci amanarsa, ya gangaro baƙi-baƙi har kan layu. Da ƙyar ya ture mutane ya kai ga tebur, ya kifa baki a kan waya.

"Ke! Ya isa! Ya isa haka nan!"

"To, Maigida, na dakata."

Dariya ta fara lafawa. Haladu ya miƙe yana haki. Amma ka san mai kuri, ko a bakin kabari sai ya nemi na faɗa. Ya juyo ga mai unguwa.

"Ra... ranka ya daɗe, sharri ne. Maƙiya ne suka shiga cikinta. Wa... wannan ba ni take nufi ba, wani Haladun ne..."

Bai rufe baki ba lasifika ta sake amsawa, cikin ladabi da tausayi.

"Maigida, na ji muryarka na rawa, numfashinka na sama-sama. Ka ce min duk ranar da na ji haka kada in jira umarni. Ina kiran Tabawa."

"A'a! Kar ki..."

Ƙirrr. Ƙirrr.

Duk taron ya kasa kunne. Sai aka ɗauka. Muryar Tabawa ta cika unguwa, ga ƙarar ludayi a tukunya ana ji.

"Malam? Ikon Allah! Wai har ƙofar gidan mai unguwa kwaɗon ya biyo ka? To, ka hau kan benci ka rufe ido. Don Allah kar ka yi irin kukan nan naka a gaban mutane. Ga ni nan zuwa da tsintsiya."

Ƙit, ta kashe.

Mai unguwa Ladan, dattijon da ba a cika ganin haƙoransa ba, ya sa gefen rawani ya share hawaye. Ya ɗaga hannu, da ƙyar ya iya magana.

"Jama'a, kada kowa ya ɗaga hannu, a dakata da zaɓen nan tukuna. Ku buɗe hanya. Ga shugaban sintiri nan tafe da tsintsiya."