Rufin Dutsen Tsohuwar Madam

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina zarya tsakanin Kano da Guangzhou ta ƙasar Sin, ba zan taɓa manta ranar da na zama masanin rufi ba. Ni ɗan kasuwar jakunkunan mata ne, abin da ya haɗa ni da rufi bai wuce in kwana a ƙarƙashinsa ba. Amma ina da wata cuta, ba na iya ganin takardar farashi in yi shiru. Ko ta wani ce, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Ranar da safe muka ɗauki mota zuwa Shiling, garin da ake ɗinka jakunkuna, ni da abokina Alhaji Lawali, mutumin Maraɗi. Ya daɗe a ƙasar, yana jin yarensu kamar a can aka yanke masa cibiya, don haka shi ne tafintana. Ni kuwa duk Sinancina bai wuce kalma biyar ba: gaisuwa, godiya, "babu", "ya yi tsada", sai "shifu", wadda na sani ita ake kiran direban tasi da ita. (Ku riƙe wannan ta ƙarshen, ita ta kashe ni.)

Masana'antar da muka nufa ta wata mata ce da muke kira Madam. Shekara biyar ina sayen kaya a wurinta, ba ta taɓa cutata ba. Muka hau ofishinta a saman bene, muka tarar da ita zaune gaban teburin shayi, da wani tsoho siriri a gefe, sanye da tsohuwar jaket da takalmin yadi, yana zuba shayi a ƙananan kofunan nan da ba sa cika baki. Madam ta nuna shi ta yi wani dogon bayani. Abin da kunnena ya tsinta kawai shi ne "shifu". Na ce a raina, to, direbanta ne, na ɗaga masa hannu sama-sama na zauna.

Sai na hango takarda a kan tebur, shafi biyu, layi-layi, da lambobi a gefe. Daga ƙasa akwai wata jimla mai sifili da yawa.

"Lawali, takardar mece ce wannan?"

Ya tambayi Madam, ta yi ajiyar zuciya ta yi bayani, shi kuma ya juyo min da shi. Mahaifiyarta tana can ƙauyensu cikin duwatsu, tafiyar yini guda a jirgin ƙasa. Gidan ya tsufa, rufin yana yoyo, har tsohuwar na jera robobi a ɗakin da take kwana. An yi an yi ta dawo birni, ta ce a gidan mijinta za ta mutu. Damina ta kusa, shi ya sa Madam take son a sake rufin kafin ruwa ya sauka, wannan kuma takardar kuɗin aikin ce.

"Rufin me?" na tambaya.

"Rufin dutse ne, Alhaji."

"Dutse? Wanda ake ɗorawa a kan rufi?"

"Eh mana, bisa ake aza shi. Ina za a aza shi in ba bisa ba?"

To jama'a, ku yi min adalci. Duk wanda ya tashi a unguwa irin tamu ya san dutse a kan rufi. In kwano ya tsufa, ƙusa ta daina riƙe shi, sai a samo manyan duwatsu a danne shi don kada iskar farkon damina ta yi gaba da shi. Abin da na gani a idon zuciyata ke nan: tsohon kwano, da duwatsu bakwai ko takwas a kai. Na sake kallon jimlar nan, kuɗin da zai sayi mota mai lafiya, sai na ji jinina ya hau. A cuci Madam ina zaune? Wallahi ba za a yi ba.

Babu wanda ya nemi shawarata, wannan in faɗa da bakina. Na jawo takardar, na gyara zaman hula, na ce wa Lawali ya shaida wa Madam cewa Allah ya kawo mata sauƙi, don kawuna kafinta ne, a hannunsa na tashi. (Gaskiya ne kawuna kafinta ne. Abin da ban faɗa ba, benci yake yi, kuma aikina a shagonsa miƙe tsofaffin ƙusoshi ne.) Madam ta ɗauko waya tana ƙoƙarin nuna min hoton gidan, na ture da bayan hannu. Na ce ba sai na gani ba, na san irin aikin nan tun ina yawo ba wando.

"Karanto min layin farko."

Lawali ya karanta: sauke tsofaffin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, a ware masu kyau, a sa musu lamba.

Na fashe da dariya. "Lamba? Dutse ake yi wa lamba? Mota ce? Ko za a yi musu fasfo ne?"

Layi na biyu, sayo sabon dutse daga inda ake fasa shi, a ɗauko shi a bayan doki zuwa ƙauyen. Na ce tabɗijam, ƙauyen da ke cikin duwatsu shi ake sayar wa dutse! Na uku, sassaƙe kowane dutse a daidaita bakinsa. Na ce dutsen da zai zauna a rana shi ake yi wa gyaran fuska kamar ango. Na huɗu, sabbin katakai masu kauri. Na biyar, mutum shida, kusan wata guda.

Nan ne na miƙe tsaye. Na ba su labarin yadda ni da yayana muka danne rufin gidanmu gaba ɗaya tsakanin azahar da la'asar, ladanmu kuwa kwanon fura ɗaya. Lawali yana fassarawa, amma na lura fassarar tasa gajeriya ce, in yi magana mai tsawon gaba biyu, shi ya faɗi kalma uku. Kuma tun ɗazu yake taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Alhaji, bari hakanan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka tsaya in gaya maka wani abu."

"Kai dai fassara. Ku mutanen Maraɗi kunya ta yi muku yawa, shi ya sa ake cin ku a ciniki."

Sai na kawo babbar shawarar. Na ce ma me ya sa dutse? Taya ta fi. Tsohuwar tayar mota, ba ta fasa kwano, ba ta gangarowa ta faɗo wa mutum a ka, kuma kyauta ake samu wurin mai faci. Na karɓi biro, na juya bayan takardar mutane, na zana gida da tayoyi shida a kansa. Na tura wa Madam, na tura wa tsohon nan ma ya gani, don na lura ya daina zuba shayi yana saurare, na ɗauka basirata ce ta burge shi.

"Ka ce mata duk wanda ya rubuta takardar nan ɓarawo ne."

"Wannan kam ba ni faɗi," in ji Lawali.

"To ni zan faɗa."

Na buga yatsa a kan jimlar, na ɗaga murya na faɗi "ya yi tsada" da Sinancina. Don kada a samu kuskuren fahimta, sai na haɗa da aiki: na zura yatsu biyu a aljihun Lawali, na zaro, na ɓoye a bayana, ina waige-waige. Har na kashe wa tsohon ido ɗaya.

Tsohon ya ajiye butar shayi a hankali. Ya miƙo hannu ya ɗauki takardar, ya kalli zanena na ɗan lokaci, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya faɗi wata gajeriyar magana, ya fita. Madam ta bi shi har bakin ƙofa tana kira, bai waiwayo ba. Da ta juyo, na ga idonta ya kawo ruwa.

"Me direban ya ce?" na tambayi Lawali.

"Wane direba? Alhaji, shi ne mai takardar! Shifu ba direba kaɗai ba ne, duk gwanin sana'a haka ake kiran shi. Wata huɗu Madam tana roƙon shi, don ya aje aikin, kuma a yankinsu ba saura mai iya shi kamar shi. Jiya ya zo ganin ɗanshi, ya biyo da takardar. Abin da ya ce kuwa, tunda ga gwani ya zo daga nesa, a ba shi aikin ya yi da taya."

Madam ta ajiye wayar a gabana. Na duba. Babu kwano ko falle ɗaya. Rufin gaba ɗaya dutse ne, fale-fale masu faɗi, an jera su wani kan wani kamar ɓawon kifi, tun daga ƙasa har ƙololuwa. A bakin ƙofa ga wata 'yar tsohuwa tana dariya da haƙori biyu. Inna lillahi! Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni, kuma na ji tsoro, don da bakina na jawo wa baiwar Allah nan wata daminar a cikin robobi.

Ban san sanda na sauka benen ba. Na tarar da tsohon a farfajiya yana ƙoƙarin ɗaure wani faffaɗan dutse a bayan babur, ashe samfuri ya kawo wa Madam ta gani. Na durƙusa, na shiga jero masa "na gode, na gode" da Sinanci, don ita kaɗai ce kalma mai daɗi da na mallaka. Lawali ya iso yana haki, ya fassara ban-haƙurina, wannan karon har da ƙari.

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa. Ya nuna dutsen, ya yi magana.

"Ya ce ka ɗauka," in ji Lawali. "Ka kai shi bakin ƙofar can ka dawo. Irin shi ɗari-ɗari suke hawa da su bisa tsani."

Na naɗe hannun riga. A ido abin kamar allon makaranta ne, amma da na ɗaga sai na ji har cikin ƙashin bayana. Na rungume shi a ciki, na yi taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu na ja numfashi da ƙarfi, sai na ji tazugen wandona ya ce ɓas.

Ku dubi halin da nake ciki. Hannu biyu suna kan dutse. In na saki, ko samfurin mutane ya fashe, ko yatsun ƙafata su tafi. In ban saki ba, ga wando yana sauka a hankali kamar ba shi da gaggawa. Allah ya taimake ni rigar doguwa ce, amma wandon sai da ya kai idon sawu. Na ɗaga kai, sai ga matan da ke ɗinki sun cika tagogi. Lawali, wanda nake wa kallon ɗan'uwa, ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, yana ba ni ƙarfin gwiwa da Faransanci, "Courage, Alhaji, saura kaɗan!"

Haka na ƙarasa bakin ƙofar nan ina jan ƙafa kamar an ɗaure ni da mari, na juyo na dawo. Da na sauke dutsen lafiya, na ga tsohon ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Ya dafa kafaɗata, ya ciro igiyar da zai ɗaure dutsen da ita ya miƙo min. Da ita na ɗaure wandona muka koma sama.

Tsohon ya zauna, ya warware takardar, ya karɓi biro. Ya ce zai yi aikin, cikin satin nan zai koma ya tara mutanensa. Madam ta haɗa hannu biyu tana godiya, ni ma na ji kamar an sauke min wani dutsen. Sai ya ƙara da cewa tunda baƙo ya ce a bi takarda layi-layi, akwai layin da ya tsallake. Mahaifin Madam abokinsa ne, shi ya sa bai sa ladan hannunsa ba, na yaransa kawai ya rubuta. Yanzu kuwa da aka kira shi ɓarawo a kan aikin kyauta, gara a rubuta komai yadda yake. Ya ƙara layi na shida, ya ja sabuwar jimla.

Madam ta ce ba komai, za ta biya. Ni kuwa ina zan kai wannan? Na rantse na maya cewa layin nan nawa ne. Ta ƙi, na nace, Lawali ya sa baki ya ce a bar ni in biya ko na samu barci. Tsohon bai rage min ko sisi ba, ni ma ban iya buɗe baki na ce ya yi tsada ba.

An gama rufin kafin ruwan farko, tsohuwa ta kwashe robobinta. Da na kira maiɗakina a Kano na ba ta labari, ina jiran ta ce sannu da ƙoƙari, sai ta ce, "Kai da ka tafi sayo jaka, ka koma yi wa Sinawa rufi? To ɗakin girkina fa, da yake yoyo tun bara?"

Abin da na koya dai shi ne, likita in ya duba ka biyansa ake yi, lauya ma haka, amma shawarar da ba a nema ba, mai bayarwa ne yake biya. Ni tawa har da rasit.