Takun Raƙumin Dawa

Na auna filin makaranta da ƙafafuna, na manta cewa ni dogo ne. Laifina ke nan.

Yayata, Adda Maimuna, tana koyar da 'yan aji biyu a Garwa. Ranar da za ta je bikin suna a garin Pitowa, direktan makarantar ya yarda in riƙe mata ajin. Ta ce in na kunyata ta, ko alli ba zan sake taɓawa ba. Ni kuwa ba ni da buri a duniya kamar a kira ni Mesiye, yadda ake kiran malaman makaranta a nan.

Na ɓoye takardu a filin, kowace da lissafinta. Amsar ita ce yawan takun da za a yi zuwa takarda ta gaba, a ƙarshe kuma akwai ledar makala, fanken nan namu mai sukari, a gindin darbejiya. Na tsaya ina jin kaina kamar ministan ilimi.

Lissafin farko ashirin ne a cire takwas. Yaran suka yi taku goma sha biyu, suka tsaya cikin rana, babu komai a gabansu sai kashin awaki. Sau uku ina sa su sakewa, ina yi musu wa'azi kan lalaci.

Sai Hadiza, 'yar ƙaramar ajin, ta ɗaga hannu. "Mesiye, lissafinmu daidai ne. Kai ne kake tafiya kamar raƙumin dawa."

Muka sake auna filin da ƙafarta, suka sami makalarsu. Adda ta ce zan iya dawowa. Amma har yau Mesiye Raƙumin Dawa ake kirana a unguwar, har da direkta.