Kwamfailar Sarkin Madannai

"Ni fa, kwamfuta in ta ji takuna da kanta take kunnuwa," in ji Sarkin Madannai, abokin aikinmu mai baki kamar rediyo. Kujerar shugaban sashe yake hari, kuma ya rantse da bajinta zai hau ta: zai rubuta kwamfaila shi kaɗai. Kwamfaila, ɗan'uwa, ita ce manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren da na'ura ke ji.

Kwana uku sai ga ta. Ashe gogan naka wata ta kyauta ya sauke daga intanet, irin buɗaɗɗiyar nan da 'yan sa-kai suka yi shekaru suna ginawa. Sharaɗinsu guda: ɗauka, gyara, amma ka bar musu sunayensu. Shi kuwa ya goge su tas, ya liƙa nasa har wuri ɗari huɗu.

Manaja ya gwada ta da aikin ofis, ta cije.

"Ɗan tari ne, ranka ya daɗe," in ji Sarki. "Ni na haife ta, na san lagonta."

"To gyara kafin taron Litinin. In ta tashi, kujera taka ce."

Sarki ya danna, ya goge, ya yi gumi har riga ta manne. Ƙarshe ya lallaɓa shafin 'yan sa-kan ya kai kuka. Abin da gwanin bai sani ba, a can ba a raɗa. Duk ƙorafin da aka aika, duniya na gani.

Ranar Litinin ya shigo da sabon kwat, kwamfaila na tafiya sumul. Yana cikin "kamar yadda na ƙirƙiro", sai Anti Shiru ta ɗaga hannu, wadda ke zama kusa da firinta, wadda kullum yake cewa ta bar wa manya aiki.

"Manaja, in karanta wani saƙo? 'Don Allah ku taimaki ɗan koyo, ban san komai ba, asirina zai tonu.'"

"Wane sakarai ne wannan?" in ji Sarki.

"Da adireshin ofis ya aiko. Ga hotonka ma a gefe."

Manaja ya cire tabarau. "Wa ya gyara masa?"

"Ni ce. Shekara shida ina cikin masu kula da ita. Sunana ne na uku a waɗanda ya goge."

Nan take aka ba ta kujera. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Sarki na neman ƙofa, ta kira shi cikin tausayi.

"Ɗan koyo, kar ka damu, darasin ma kyauta ne. Gobe ƙarfe takwas, ka zo da biro."