Yadda Ake Jiran Motar da Ba a Ƙera Ba Tukuna

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawarin za ka jira mota shekara guda cur ba ka gaji ba, ba ka saye ta ba, kuma ba ka yi wani aiki mai amfani a tsakani ba. Tabbas ne wannan, an gwada an gani. Sunana Badamasi. Ina shekara ta shida a digirin digirgir na shekara uku a nan Kuala Lumpur, don haka in ana maganar jira, ja kujera ka saurara. Ni ne kuma shugaban zauren WhatsApp na Masoya Silinda Takwas, reshen Setapak, mai mambobi goma sha ɗaya.

Mutum ɗaya ne ya taɓa lalacewa a hannuna, Zahraddeen, abokin zamana a hawa na goma sha huɗu. Yana da mata, Hafsa, da 'ya 'yar shekara huɗu, Kamila, a Funtuwa. Rabonsa da su shekara uku, kuma babi ɗaya tak ya rage masa ya gama karatu ya koma gida. Zan riƙa kawo shi misali don ka san abin da za ka guje wa.

Mataki na Ɗaya: Ka tabbata ba ka da mota

Mai mota ba ya iya son mota. Ya san faci, ya san bakanike, ya san turi. So na gaskiya yana wurin mai hawa jirgin ƙasa na LRT. In keke gare ka ma, ba da shi aro. A zaurenmu mutum biyu ne masu lasisin tuƙi, na ɗayan ya ƙare tun kafin annoba.

Zamani ma yana bayanka. Tunda aka sa dokar kulle ba a wuce kilomita goma daga gida, mai mota da marar mota duk a falo suke zaune da gajeren wando. Ba a taɓa yin adalci irin wannan ba.

Mataki na Biyu: Zaɓi wadda ba ta fito ba

Wani kamfani a Amurka ya ce zai fitar da mota ta musamman, guda ɗari uku kacal a duniya, daga su an rufe. Ƙofa biyu, silinda takwas, ƙarfin doki ɗari takwas. Abin da suka nuna mana shi ne fitila ɗaya a cikin duhu, da ƙarar inji ta daƙiƙa goma sha ɗaya. Ko suna ba su faɗa ba, mu muka raɗa mata Mai Tsawa.

Irinta za ka nema. Sitiyarinta a hagu yake, a ƙasar nan kuma a dama ake sawa, wannan kada ya dame ka. Kada ka tambayi farashi, tambayar farashi halin mai niyyar saye ne. Ka riƙe wannan hikimar: duk motar da ta fito tana da aibi, wadda ba ta fito ba kuwa ba ta taɓa mutuwa a kan hanya ba.

Mataki na Uku: Nemi abokan musu

Jira kai kaɗai ciwo ne, jira cikin jama'a ilimi ne. Ka samu yaro mai zafin kai irin Tajuddeen, ɗan digirin farko a Bukit Jalil, wanda ba ya barci sai ya ƙaryata wani. Ranar da aka saki ƙarar injin, shi ya fara aiko murya.

“Oga Admin, wallahi this one na supercharger. Ka ji whistle ɗin nan a second na bakwai? No be ordinary engine lah.”

Na ce, “Tajuddeen, fankar ɗakinka ce.”

“Fankata ta mutu tun March, Oga.”

Kwana tara muka yi a kan daƙiƙa ta bakwai. Mutum biyu suka fita daga zauren, suka dawo da yamma don babu wurin zuwa. Zahraddeen ne ya raba gardama: ya ɗauki manhajar da jami'a ta ba shi don tantance alƙaluman babi na huɗu, ya zuba ƙarar a ciki, ya fitar mana da zane mai launi uku. A lokacin ina alfahari da shi ƙwarai.

Mataki na Huɗu: Koyi ɗage rana daga wurin ƙwararru

Sau biyu kamfanin ya sa ranar buɗe motar, sau biyu ya ɗage, “saboda yanayin da duniya ke ciki.” Haddace wannan jimlar, ta fi maganin sauro amfani. Malamar da ke duba aikinka ta tambayi babi na huɗu? Yanayin da duniya ke ciki. An tambaye ka daga gida yaushe za ka dawo? Yanayin da duniya ke ciki. Babu mai musa maka, don kowa a cikin yanayin yake.

Ni da ita nake amsa wa matata Barira a Gusau. Tun bara ta daina tambaya, abin da ke nuna ta fahimta.

Wasu za su ce maka jiran gawon shanu kake yi. Ka amsa musu da cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Kada ka ƙarasa karin maganar, batun shan romo ba ya cikin tsarinmu.

Mataki na Biyar: Yi ƙirga, amma ɓoye abin da kake ƙirgawa

Karo na uku kamfanin ya sa rana, saura kwana arba'in. Muka yanke shawarar kowane mamba ya riƙa sa adadin kwanakin da suka rage a status ɗinsa kullum da safe. Tajuddeen ya so a haɗa da hoton fitilar. Na hana. Mu Hausawa ne, mun san kambun baka. Abin da kake fata ba ka baza shi a kasuwa, kuma wa ya sani ko bakin mutane ne ya jawo ɗagewa biyun farko? Saboda haka lamba kawai, fara a kan baƙi, sai “in sha Allahu” a ƙasa.

Arba'in. Talatin da tara. Talatin da takwas. Zahraddeen bai taɓa fashi ba, da ya idar da sallar asuba yake sa tasa.

Mataki na Shida: Kada ka saurari saƙon murya daga gida a tsaye

Nan ne aka samu matsala, ka buɗe kunne.

Ranar da lamba ta kai goma sha biyu, ni da Zahraddeen muka sauka kedai mamak, shagon abinci na ƙasan gidanmu, mu yi tapau, wato mu saya mu tafi da shi, tunda an hana zama a ci. An auna mana zafin goshi, muna tsaye a kan layin da aka manna a ƙasa, mita guda tsakaninmu, muna jiran roti da shayi a leda. Sai saƙo ya shigo wayarsa. Ya danna, ya manta bai sa abin kunne ba.

Muryar yarinya ce ta fara fitowa. “Abba, goma sha biyu! Gobe goma sha ɗaya!”

Sai ta uwar, ƙasa-ƙasa, tana dariya. “Abban Kamila, yi haƙuri, na kasa daurewa. Tun daga arba'in muke binka. Na san ba a faɗar ranar tafiya, shi ya sa ban tambaye ka ba, ban kuma gaya wa kowa ba sai Umma. An yi wa ɗaki fenti. 'Yarka ta iya ƙirga daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama ne har yanzu take ɓata. Allah ya kawo mana kai lafiya.”

Ka ga inda al'ada ta yi mana ƙafar ungulu. Mun ɓoye mota don tsoron baki, a gida kuma abu ɗaya aka san mutumin da ke ƙasar waje yana ƙirgawa a ɓoye. Hafsa ba ta yi kuskuren lissafi ba, mu ne ba mu yi tunani ba.

Mai kedai ya miƙo leda yana cewa, “Boss, tapau siap.” Zahraddeen bai ji ba. Takunkumi ya rufe masa rabin fuska, amma na ga idanun, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Ni na karɓi ledar.

Mataki na Bakwai: In ɗan'uwa ya fara sanyi, yi masa nasiha

A cikin lif na yi abin da ya wajaba a kan shugaba.

Na ce, “Abu mai sauƙi ne. Bari sai lamba ta kai uku, ka ce an soke jirgi. Yanayin da duniya ke ciki.”

Ya ce, “Yaya Badamasi, fenti fa suka yi.”

“Fenti ba ya lalacewa.”

“Yarinyar nan tana da shekara ɗaya na taho. A video call ta san ni. Rannan Hafsa ta ce ta leƙa bayan wayar tana neman sauran jikina.” Da muka kai hawa na tara ya ƙara da cewa, “Cannot lah, Yaya. Ba zan iya ce mata mota ba ce.”

Ga alamomin mai shirin ridda, don ka gane su da wuri. Zai daina magana a zaure. Za ka ji ƙarar madannai daga ɗakinsa tun safe har la'asar. Zai goge zanen daƙiƙa ta bakwai ya mayar da alƙaluman gaskiya. Zai kira malamarsa da kansa, abin da ba a taɓa jin ɗalibi mai hankali ya yi ba, har ka jiyo ta ta bango tana cewa, “Boleh, boleh, viva online saja,” wato ta yarda ya kare aikinsa ta intanet. Babin da ya gagara wata goma sha huɗu, Zahraddeen ya gama shi a kwana takwas, ko kunya babu.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi a kwana huɗu ya fafe nasa: takardar izinin 'yan sanda ta zuwa filin jirgi, gwajin da ake zura tsinke a hanci, da 'yar tsana daga shagunan unguwar Brickfields. Duk wannan bidiri bai daina sa lambar ba kullum da asuba. Tajuddeen yana ta yaba masa, “Zahraddeen na real fan, wallahi.”

Da zai fita ya bar mini tukunyar dafa shinkafa. Ya tsaya a bakin ƙofa da akwati ya ce, “Yaya, kai ma ka kira gida.” Na ce masa ya yi sauri, direba ba ya jira.

Mataki na Takwas: Ranar sifili

Yi wanka, sa riga mai kyau daga sama, ƙasa ba ya fitowa a kyamara. Mu goma muka hallara a Zoom ƙarfe takwas na safe agogon nan. Tajuddeen har turare ya fesa. Agogon kamfani ya sauko, uku, biyu, ɗaya. Allo ya yi baƙi. Sai ga fitila ta biyu, ta ɗaya gefen, da rubutu a ƙasa: an ɗage zuwa baɗi, saboda yanayin da duniya ke ciki.

Kada ka karaya. Yanzu mun san fitilu biyu gare ta, wannan ci gaba ne.

Muna cikin musu a kan ko ta hagu ta fi ta dama haske, da yamma sai hoto ya shigo zauren daga Zahraddeen. Bango ne mai sabon fenti, shuɗi, da taga. A bayan gilashin tagar ga shi da takunkumi, don sai ya killace kansa mako guda. A waje ga yarinya ta manna tafin hannunta a gilashin, ɗaya hannun riƙe da takarda an rubuta sifili babba, a karkace. Bai rubuta komai ba. Minti ɗaya bayan haka ya fita daga zauren.

Tajuddeen ya ce, “Oga Admin, wannan wace mota ce?”

Na ce masa hoton ya saɓa dokar zaure, na goge shi. Na dai ajiye kwafi a wayata saboda tarihi.

Ka ga ƙarshen wanda bai iya jira ba. Ya rasa Mai Tsawa, ya rasa matsayinsa a cikinmu, yana can Funtuwa ana koya masa ƙirga. Mu kuwa mun sake ɗaura sabuwar lamba, ɗari biyu da tamanin.

Sanarwar Kare Kai

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko babin da ya ƙi ƙarewa, ko biza da ta ƙare, ko ɗakin da aka yi wa fenti. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Musamman ba ni da alhakin abin da zai same ka in ka danna 'yar alamar idon nan da ke ƙasan status don ganin masu kallo. Ban sa wannan cikin matakai ba, kuma da gangan ne.

Ni na danna jiya, bisa kuskure. Mutum tara ne suka kalla, duk 'yan zaure. Na koma kan tsohuwar ƙirgar, tun daga arba'in har sifili, ina tuna ko akwai ranar da Barira ta ce mini wani abu a kai. Babu. Ita ma ta san ba a faɗar ranar tafiya, ta dai san ba tafiya nake ƙirgawa ba.

Duk mai ƙorafi ya same ni a hawa na goma sha huɗu. Ina nan, ba inda za ni.