Yaƙin Ɗumi da Zafi a Garken Malam Cindo

Da sunan Mai halittar kofato da ƙaho muke buɗe tarihin Malam Cindo ɗan Jatau ɗan Barmo, sadaukin turke, gagara-ƙuda, mamallakin garke mai saniya ɗaya tilo, wadda ake kira Tauraruwa.

A zamanin da likitan dabbobi ya sauka garin, ya yi bushara cewa idan saniya ta shiga zafi, wato tana neman bijimi, madararta kan ƙara zafi. Cindo ya ji rabin bayanin, ya tashi yin alwala, ya dawo da cikakken ilimi. Ya sayi ma'aunin zafi, ya ɗinka masa kube kamar takobi, sannan ya yi tattaki zuwa rugar Ardo Manu, ya yi ta magiya har aka ba shi aron Giwa, bijimin da 'ya'yansa ke cika bokiti da madara, bisa sharaɗin ya mayar ran kasuwa.

Ya ɗaure Giwa can nesa, domin kada a yi gamo kafin ilimi ya ba da izini. Kullum da safe matarsa Tabawa ta tatsa, shi kuma ya zare makami, ya yi kabbara, ya tsoma a ƙwarya, alhali Giwa yana ta gamawa da harawar shekara guda.

Ranar da tarihi ba zai manta ba, Tauraruwa ta wayi gari tana kuka, tana zagaye turke, ta ƙi dusa. Ma'auni ya ɗaga ɗan kaɗan, kamar tsinin allura.

"Malam, saniyar nan fa tana nema," in ji Tabawa.

"Ke dai tsaya! Wannan ɗumi ne. Likita zafi ya ce!"

Shi jira yake ya ga madara tana tururi kamar koko. Yana cikin wannan jihadi na haƙuri Tauraruwa ta tsinke igiya, ta keta danga, ta wuce Giwa ko kallonsa ba ta yi ba, ta faɗa gidan maƙwabci, inda wani ƙanƙanen sa mai baƙin tabo a goshi yake fama da ƙaiƙayi. Cindo ya bi ta da ma'auni a sama yana ihu: "Ba a auna ba! Ba a auna ba!"

Ran kasuwa Giwa ya koma gida da ƙibarsa, bai yi aikin komai ba. Wallahi na tausaya wa Cindo, amma na yi dariya.

Da lokaci ya cika aka haifi ɗan maraƙi kamar akuya, da baƙin tabo a goshi. Tabawa ta raɗa masa suna Ɗumi. Ma'aunin kuwa, da shi take juya shayi.