Hoton Goshin Kawu Mumuni

Wallahi aboki, ko Alƙur'ani na dafa maka ba za ka yarda da wanga labari ba. Ni Bawa, wanda ya bar lakwal a aji huɗu don mushe, wato malaminmu, ba shi da sauran abin koya mini, ni na kusa yi wa lokotoron soja wayo. Kusa na ce.

Shekarar da fari ya koro mutane Yamai, kawuna Mumuni, ɗan kasuwa a unguwar Maurai, ya kamu da ciwon goshi. Lokotoro, wani kaftin mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ce mugunya ta taru a kogon ƙashin saman gira, sai an buɗe. Amma sai an ɗauki hoton ƙashin tukuna, a san inda wuƙa za ta bi, kada ta zarce ƙwaƙwalwa.

Kawu ba ya tsoron wuƙa, ya saba da wanzamai. Injin hoton ne ya hana shi sakat.

"Bawa, an ce in ya haska mutum, shi da haihuwa sai a lahira!"

Na ce, "Kawu, ina amfanin karatuna? Ai kai duk kai ne. Ba ni buhun hatsi guda in shiga madadinka."

Na zura babbar rigarsa, na riƙe takardarsa, ina nishi kamar tsohon raƙumi. Mai hoto bai ko dube ni ba, layi har bakin titi. Ya manna goshina da allo, ƙyas, an gama.

Ranar aiki na raka Kawu, ina fassara masa Faransancin da ni ma ba na ji. Kaftin ya sa almakashi ya yanko siffar kogon daga hoton, ya ɗora a goshin Kawu. Ashe haka suke awo, kamar tela. Abu ya rufe goshi, ya haura har cikin gashi.

Kaftin ya juya awon, ya sake juyawa.

"Alhaji, buɗe baki."

Haƙora uku. Ya ɗaga ragowar hoton a taga: haƙora reras suna murmushi.

"Alhaji, wa ya kwashe maka haƙora cikin kwana biyu?"

Kawun da ya rantse zai rufa mini asiri, ko numfashi bai ja ba ya nuna ni.

Kaftin ya yafito ni. "Zo nan, shehin malami."

Ya ɗora awon a goshina, ya zauna daram.

"Kogon kowa daban yake, sakarai! Da na bi wanga awo, da yanzu wuƙata tana cikin ƙwaƙwalwar kawunka."

Kawu ya wawuri takalminsa. "Ɗan banza, kashe ni za ka yi a kan buhu guda?"

Aka tura Kawu ɗakin hoto yana salati. Ni ko, kaftin ya tara ɗalibansa a kaina, yana nuna musu hoton.

"Shekara ashirin ina aiki ban ga kogo irin wanga ba. Har yanzu ina neman inda ƙwaƙwalwar take zama."

Ya yanke hukunci, kuma zamanin soja ba a ɗaukaka ƙara: wata guda cur, kullum da safe ina tsaye ƙiƙam gaban aji, kowane ɗalibi ya zo ya ƙwanƙwasa goshina, ya kasa kunne.